Yaro ya iya ƙirga har ɗari amma kuɗi na rikita shi: ina matsalar take?

Tambaya: Ɗana shekararsa shida, kuma yana ƙirga daga ɗaya har ɗari ba tare da tuntuɓe ba. Amma idan na ajiye masa kwandala mai goma guda ɗaya da masu ɗaya guda uku na tambaye shi nawa ne, sai ya ce huɗu. Kwanan baya ma yayarsa ta karɓe masa mai goma ta ba shi masu ɗaya guda uku, ya tafi yana murna wai ya ci riba. Na yi ta maimaita masa sunayen kwandalolin har na gaji, abin ya ƙi zama. Shin yaron ne yake da matsala, ko kuwa ni ce ban iya koyarwa ba?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, domin amsar da ɗanki ya ba ki amsa ce ta yaro mai lafiyayyen tunani. Na daɗe ina koyar da lissafi a ƙananan azuzuwan firamare, kuma da wuya shekara ta wuce ban ji wannan amsa daga bakin yara masu basira ba. Da ya ce huɗu, ai abubuwa huɗu ne a gabansa, ya kuma ƙirga su daidai bisa ƙa'idar da aka koya masa tun yana ɗan shekara uku, wato kowane abu guda a ba shi lamba guda. Kuɗi ne abu na farko a rayuwarsa da ya zo ya karya wannan ƙa'ida, ya ce masa ga abu ɗaya a hannunka amma sunansa goma. Mu manya mun saba da wannan har mun manta cewa abin mamaki ne.

A shekarar 1978 wasu masana halayyar yara biyu a Amurka, Rochel Gelman da C. R. Gallistel, suka bayyana cewa ƙirga ta tsayu ne a kan ƙa'idoji biyar. Kowane abu a ba shi lamba ɗaya tak, lambobin su zo a jere ɗaya kullum, lambar ƙarshe da aka faɗa ita ce yawan abubuwan duka, kowane irin abu yana ƙirguwa ko da bai yi kama da ɗan'uwansa ba, sannan ko ta wane gefe aka fara ƙirgar jimillar ba ta canzawa. Idan kika duba da kyau za ki ga ƙa'ida ta huɗu ita ce take yaudarar ɗanki a nan, domin ta koya masa kada ya damu da bambancin girma ko launi, ya ƙirga cokali da takalmi da dutse ya ce uku. To yanzu kuma sai muka zo muna ce masa ya damu da bambancin, wannan ƙarfen goma ne wancan kuma ɗaya. Maimaita sunayen kwandaloli ba ya warware wannan ƙulli, shi ya sa kika gaji ba ki ga sakamako ba. Yaro yana iya haddace cewa wannan sunanta goma kamar yadda yake haddace cewa sunan maƙwabcinku wane, ba tare da ya fahimci cewa goman nan na nufin masu ɗaya guda goma suna ɓoye a cikinta ba.

Su kansu masu ƙera kuɗi ba su sauƙaƙa wa yara ba. Yaro yana ɗauka babban abu ya fi ƙarami daraja, kuma a yawancin al'amuran duniyarsa gaskiyarsa ce, amma a Amurka, inda santi ɗari ke yin dala ɗaya, kwandala mai santi goma ta fi mai santi biyar ƙanƙanta, kuma ba a ma rubuta lamba goma a jikinta ba. A kuɗin yuro, mai santi biyar ta fi mai santi goma faɗi, mai santi hamsin kuma ta fi yuro ɗaya faɗi. A Ostireliya kwandala mai dala biyu ta fi mai dala ɗaya ƙanƙanta. Darajar kuɗi yarjejeniya ce tsakanin mutane, ido ba ya ganinta kuma hannu ba ya jin nauyinta, don haka dole sai an gina ta a kan yaron da sannu.

Kafin ki sake fito da kwandaloli masu daraja daban-daban, ki gwada abubuwa uku, kuma ba za su ɗauke ki minti goma ba. Na farko, ki zuba masa ƙananan abubuwa iri ɗaya kamar ashirin, ki ce ya ba ki bakwai. Yaron da ya fahimci ƙirga zai ƙirgo bakwai ya tsaya, wanda kuwa waƙar lambobi kawai ya haddace zai dumbuzo ya miƙa miki, ko ya yi ta ƙirga har abubuwan su ƙare. Na biyu shi ne gwajin da Jean Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, ya shahara da shi tun wajen 1941. Ki jera abubuwa shida a layi, ki jera wasu shida a ƙasansu daidai wa daida, ya tabbatar miki yawansu ɗaya ne, sannan a gaban idonsa ki baje layi ɗaya ya yi tsawo, ki tambaye shi wanne ya fi yawa. Yara da dama 'yan ƙasa da shekara shida ko bakwai sukan nuna mai tsawon. Zan ƙara da cewa kada ki ɗauki wannan gwajin a matsayin hukuncin ƙarshe, domin a 1974 James McGarrigle da Margaret Donaldson sun nuna cewa idan wata 'yartsana ce ta zo ta hargitsa layin kamar bisa kuskure, yara da yawa sukan ba da amsa daidai, abin da ke nuna cewa wani lokaci yaro yana canza amsarsa ne don yana zaton tunda babba ya sake tambaya, to amsar farko ba ta gamsar ba. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci ga kuɗi, ki rufe abubuwa biyar a ƙarƙashin kofi, ki gaya masa biyar ne a ciki, ki ajiye uku a waje, ki ce nawa ne duka. Idan ya ce biyar, sannan ya ɗora da shida, bakwai, takwas, to ya shirya. Idan kuwa sai ya ɗaga kofin ya fara daga ɗaya, to nan aikinki yake, domin kwandala mai biyar ba komai ba ce illa kofin da ba a iya ɗagawa.

Wannan wasan kofi ki riƙe shi da muhimmanci, ki yi ta yinsa kwana da kwanaki da lambobi daban-daban, har ɗorawa daga lambar da aka ba shi ta zame masa jiki. Duk ƙirgar kuɗi ɗori ce. Wanda ke ƙirga kuɗi ba ya komawa ɗaya, yana riƙe jimillar da ya kai a ransa ne ya ɗora na gaba a kai, kuma yaron da bai iya wannan da duwatsu ba ba zai iya shi da kwandala ba.

Idan wannan ya samu, sai ki fara da kwandala iri ɗaya kawai, mafi ƙanƙantar daraja, wadda zan riƙa kira mai ɗaya. A wannan mataki yawan kwandala da darajarta abu ɗaya ne, don haka yaro ba shi da abin da zai rikita shi. Ki buɗe masa ɗan kanti na wasa a gida, ki liƙa wa fensir da littafi da kayan wasansa farashi daga ɗaya zuwa goma, ya saya ki sayar, sannan ku yi musayar matsayi. Idan hauhawar farashi ta kori ƙananan kwandaloli daga hannun mutane a inda kike, kamar yadda ta yi a ƙasashe da dama, kada hakan ya hana ki. Murafun kwalba ko kwali da aka yanka aka rubuta wa lamba suna yin aikin, daga baya sai ki koma ga ƙananan takardun kuɗi na gaske, domin darasin da ke cikin takarda mai goma shi ne darasin da ke cikin kwandala mai goma. Sai dai ina ba da shawara a kai yaro ga kuɗin gaske da wuri gwargwadon hali, saboda na sha ganin yaran da suka ƙware a kan kuɗin roba na aji, amma da aka miƙa musu na gaske wanda ya tsufa ya dushe sai suka tsaya suna kallo.

Mataki na gaba shi ne zuciyar al'amarin duka, kuma shi ne wanda iyaye da malamai suka fi tsallakewa, wato musaya. Ki zama banki. Ki rubuta lambobi daga ɗaya zuwa shida a kan 'yan katuna, ki kife su, ya zari ɗaya, duk lambar da ta fito ki ba shi masu ɗaya gwargwadonta. Doka ɗaya ce a wasan, da zarar masu ɗaya sun cika biyar a hannunsa, wajibi ne ya kawo su banki ya karɓi mai biyar guda. Wanda ya riga tara ashirin shi ya ci. A karon farko za ki ga yana jan hannu, wani ma har ya yi kuka, domin a ganinsa an karɓe masa biyar an ba shi ɗaya. Kada ki yi masa dariya kuma kada ki yi dogon bayani. Ki nuna masa cewa ƙofar bankin a buɗe take ta kowane ɓangare, duk lokacin da ya so yana iya dawo da mai biyar ɗin ya karɓi masu ɗayansa guda biyar cif. Ki bar shi ya gwada ki sau goma idan yana so. Sannan ki kai shi kantin wasan ya ga da idonsa cewa fensirin da masu ɗaya biyar suka saya, mai biyar guda ma tana sayensa. A nan ne yake yarda, kuma yarda ce ake nema, domin hujjar da ke gamsar da yaro ita ce abin da kuɗin ya iya sayowa.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai ki shigo da mai goma, da sabuwar doka cewa masu biyar biyu ko masu ɗaya goma ana musanya su da ita. Idan kin lura yana mantawa, ki zana da'ira a kan takarda daidai girman kwandalar, ki ɗiga ɗigo goma a ciki, ya riƙa ɗora kwandalar a kai yana ɗagawa yana ganin abin da ke ƙarƙashinta. Wasu malamai sukan koya wa yaro ya ƙwanƙwasa mai biyar sau biyar da yatsa yana ƙirgawa. Dabarar tana da amfani na ɗan lokaci, amma ni ba na son a daɗe a kanta, domin tana mayar da yaro ga ƙirga ɗaya-ɗaya, alhali abin da muke so shi ne ya ɗauki biyar a matsayin dunƙule guda. Tsarin da nake bi a nan, daga abin da hannu ke taɓawa zuwa zane sannan zuwa lamba tsura, ya samo asali ne daga aikin Jerome Bruner, masanin yadda yara ke koyo ɗan Amurka, a shekarun 1960, kuma a kansa ƙasar Singafo ta gina koyar da lissafinta na firamare.

Akwai wani abu a harshenmu da ya kamata ki sani, domin yana taimako ta wani gefe yana kuma kawo cikas ta wani. Daga goma sha ɗaya zuwa goma sha tara Hausa ta yi wa yaro gata, saboda sunan lambar da kansa yana faɗa masa abin da ke ciki. Goma sha uku goma ce da uku, wato kwandala mai goma da masu ɗaya uku, daidai abin da kika ajiye wa ɗanki. Ki riƙa faɗar goma a cike kina nuna babbar kwandalar, maimakon taƙaitawa zuwa sha uku kamar yadda muka saba a magana. Amma daga ashirin zuwa casa'in sunayen aro ne daga Larabci, kuma babu abin da ke cikin kalmar talatin da zai nuna wa yaro cewa goma uku ce, ko a cikin hamsin cewa goma biyar ce. Tsohuwar ƙirgar Hausa tana da gomiya biyu da gomiya uku, kuma na ga amfanin dawo da ita na ɗan lokaci a wajen koyarwa. Ya ajiye masu goma uku ya ce gomiya uku, sannan ki ce masa sunanta na yau da kullum talatin. Da sunan ya zauna tare da ma'anarsa sai a bar gomiya ta huta.

Daga nan sai ƙirga da tsalle. Ki fara da goma-goma, sannan biyar-biyar, sannan bibbiyu, kowanne da kwandaloli a hannu yana turawa gefe ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya ba yara wahala sosai tunda yana da kari kamar waƙa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sauya tsalle a tsakiyar ƙirga. Ki ajiye masu goma uku da masu biyar biyu da masu ɗaya biyu. Ƙirgar daidai ita ce goma, ashirin, talatin, talatin da biyar, arba'in, arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Abin da yawancin yara ke yi shi ne su hau karin goma-goma su kasa sauka, su ce talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, domin bakinsu ya riga tunaninsu. Wasu kuma idan suka iso ga masu biyar sai su fara sabon lissafi, su ce biyar, goma, jimillar farko ta ɓace musu. Maganin duka biyun ɗaya ne. Kafin ya buɗe baki ya ware kwandalolin kashi-kashi, ya jera su daga babba zuwa ƙarama da tazara tsakanin kowane kashi, kuma idan ya gama kashi ɗaya ya tsaya ya numfasa, ya maimaita jimillar da ƙarfi, ki tambaye shi yanzu da nawa-nawa za mu tafi, sannan ya ci gaba. Allon lambobi daga ɗaya zuwa ɗari mai layi goma yana taimakawa ƙwarai a nan, domin mai goma tana saukar da yatsansa layi ɗaya ƙasa, mai ɗaya kuma tana matsar da shi gida ɗaya gaba, sai ya ga hanyar da idonsa. Kada ki haɗa iri uku tun farko. Goma da ɗaya tukuna, sannan biyar da ɗaya, sannan goma da biyar, a ƙarshe duka ukun.

Wani wasa da nake ƙauna fiye da sauran shi ne a ce wa yaro ya haɗa adadi guda ta hanyoyi daban-daban. Da masu ɗaya da masu biyar da mai goma, hanyoyi huɗu ne ake haɗa goma. Idan aka ƙara masu biyu a ciki, hanyoyin sun zama goma sha ɗaya, kuma neman su duka aiki ne da kan ɗauke hankalin ɗan shekara bakwai na tsawon yamma guda. Amfanin wasan shi ne yana rushe tunanin da ya sa yayarsa ta cuce shi, domin zai ga tarin ƙarfe goma a gefe da ƙwaya ɗaya a gefe, ya kuma san da bakinsa ya ce daidai suke. Daga nan ki juya tambayar, ki ce ya biya goma sha takwas da mafi ƙarancin kwandaloli. A tsarin ɗaya, biyu, biyar, goma, ashirin, hamsin, wanda yuro da kuɗaɗen ƙasashe masu yawa ke bi, ɗaukar mafi girmar da za ta shiga a kowane mataki yana kai mutum ga amsa, wato goma, biyar, biyu, ɗaya. Yaran yau ma sun yi sa'a da kuɗi ke tafiya bisa goma da ɗari. A Birtaniya har zuwa 15 ga Fabrairun 1971, fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kuma kwabo goma sha biyu, don haka ɗan makaranta sai ya riƙe cewa kwabo 240 ne a cikin fam kafin ya iya lissafin aljihunsa.

Canji shi ne darasi na ƙarshe kuma mafi nauyi, ba na kuma sa ran ɗan shekara shida ya kama shi. Masu bincike biyu 'yan Italiya, Anna Emilia Berti da Anna Silvia Bombi, sun yi hira da yara masu yawa a kan sha'anin kuɗi, suka gano cewa ƙananan yara kan ɗauki canji a matsayin wata al'adar ciniki kawai, ka ba mai kanti kuɗi shi ma ya ba ka, har wasu na zaton daga nan ne manya ke samun kuɗinsu. Sai yaro ya fahimci cewa ya biya fiye da kima kafin canji ya zama lissafi a wurinsa. Idan lokacin ya zo, kada ki fara da ɗebewa a takarda. Ki koya masa cikowa, yadda masu sayar da kaya ke yi a ko'ina. Abu na goma sha uku ne, an ba da ashirin, sai ya fara daga goma sha uku ya ajiye mai ɗaya ya ce goma sha huɗu, ya ƙara wata ya ce goma sha biyar, ya ajiye mai biyar ya ce ashirin. Abin da ke gabansa shi ne canjin, bakwai, kuma bai ɗebe komai daga komai ba. Nan ma Hausa ta ba mu makami, domin mai cewa ashirin ba ɗaya yana nufin goma sha tara, ko talatin ba biyu yana nufin ashirin da takwas, ya riga ya faɗi canjin a cikin sunan lambar.

Dalilin da ya sa nake dagewa a jinkirta takarda da alƙalami yana da tushe. A 1985 Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa binciken da suka yi a birnin Resife na ƙasar Birazil, a kan yara masu sayar da kaya a bakin titi. Sun je a matsayin masu saye suka yi musu tambayoyin ciniki, yaran suka amsa kusan kashi 98 cikin ɗari daidai. Da aka ba su lissafin nan dai a rubuce da lambobi tsura irin na makaranta, abin da suka ci bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Yaran ba su da yawa, don haka ba a gina doka a kan alƙaluman, amma abin da binciken ya nuna kowane malamin firamare ya san shi. A wajen ciniki yaro yana riƙe da ma'anar adadin, ya san amsar da ba ta shiga hankali ba idan ya ji ta, a takarda kuwa yakan bi matakan da ya haddace ya rubuta duk abin da ya fito. Saboda haka rubutu ya biyo bayan hannu, ya zama yana rubuta abin da ya riga ya yi ne. Kuma idan kuka kai ga kuɗin da ke da babba da ƙarami, inda ɗari na ƙaramin ke yin ɗaya na babban, ki sa ido a kan kuskure guda da kusan kowane yaro ke yi, wato ya rubuta biyu da ƙanana biyar a matsayin 2.5 maimakon 2.05. Ki sa ya ajiye adadin biyu da kwandaloli gefe da gefe, zai ga da kansa cewa na farkon ƙanana hamsin ne.

Game da yadda za ki tafiyar da zaman, minti goma a rana sun fi awa guda a mako, kuma ki tashi tun yana son a ci gaba. Idan ya yi kuskure ki ce ya nuna miki yadda ya yi, domin a cikin bayaninsa za ki ga inda zaren ya tsinke, sau da yawa ma shi zai gyara kansa kafin ya kai ƙarshe. Wani lokaci ke ki yi kuskuren da gangan ki ba shi canjin da bai cika ba, babu abin da ke kaifafa idon yaro kamar kama babba. Ba na goyon bayan a riƙa ba yaro kuɗin a matsayin lada idan ya amsa daidai, saboda hankalinsa yakan koma ga samu da rashi, tsoron kuskure ya shige shi. Amma ɗan abin da yake nasa na kansa, wanda yake tarawa a asusu yana ƙirgawa duk mako don ya ga saura nawa ya isa abin da yake so, wannan malami ne da ba ya gajiya. Wannan ya ƙara zama dole a yanzu da yara ke ganin iyayensu suna biya da kati ko da waya, ba sa ganin komai ya fita daga hannu balle su ga canji ya dawo. Yayar tasa kuma ki jawo ta cikin wasan ki ba ta riƙon banki, tunda ta nuna ta fahimci darajar mai goma sarai. Idan akwai ƙaramin da bai kai shekara uku ko huɗu ba a gidan, ki tattara kwandalolin bayan kowane zama ki ƙirga su, domin kwandala tana cikin abubuwan da ƙananan yara suka fi haɗiyewa.

Saura tambayarki ta ko yaron yana da matsala. Abin da kika bayyana bai nuna haka ba ko kaɗan, domin a shekara shida gane kwandaloli da haɗa ƙananan adadi shi ne abin da ake fara nema, haɗa iri daban-daban da bayar da canji kuwa aikin shekara bakwai zuwa takwas ne ga yawancin yara. Abin da zai sa in ce a duba shi daban ne. Idan ya kai shekara takwas, an kuma yi watanni ana irin wannan aiki da shi a natse, amma har yanzu ba ya iya kallon abubuwa uku ko huɗu ya faɗi yawansu sai ya ƙirga, ko ba ya iya cewa tsakanin bakwai da tara wanne ya fi ba tare da dogon tunani ba, ko abin da ya iya jiya ya ɓace yau kamar ba a taɓa yi ba, to akwai wata naƙasar koyon lissafi da ake kira diskalkuliya, wadda masana ke ƙiyasta tana shafar kimanin yara uku zuwa bakwai cikin ɗari, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin basira. A irin wannan hali sai ki zauna da malaminsa ku kwatanta abin da kuke gani a gida da abin da yake gani a aji, a nemi ƙwararre a fannin koyon yara ya gwada shi.